Motata tana ɗigar baƙin mai, me zan yi?

Wani mai sauraronmu daga Tibiri ya ce tsohuwar Peugeot 504 ɗinsa, wadda yake jigilar fasinja da ita zuwa Maraɗi da Jiratawa, kullum sai ta bar tabon mai inda ta kwana.

To Malam, Allah ya ƙara arziki. Da farko a wanke injin tas, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinsa da dare. Da safe ɗigon zai nuna maka gefen da ke yoyo. Ka fara dubawa daga sama, don mai gangarowa yake yi, yakan sa a zargi ƙasa alhali laifin na gasket ɗin murfin inji ne. Ka taɓa filtar mai da notin juye mai, sau da yawa washa ce ta mutu, kuɗinta kaɗan ne.

Abin da aka fi mantawa shi ne tiyon numfashin inji. Ƙurar hunturu da dattin mai kan toshe shi, iska ta rasa mafita, ta turo mai ta kowace roba. In kuwa ɗigon tsakanin inji da giya yake, sai bakanike ya sauke giya ya canza sil.

Kafin nan, auna mai kowace safiya. In fitilar mai ta kama kana tafe, tsaya nan take ka kashe inji.