Nawa banki ke ba ni a kan ajiyata?

Malama, buɗe manhajar bankinki ki shiga bayanan asusun ajiyar. Wasu bankunan suna rubuta kuɗin ruwan a wurin. In babu, sauke bayanin shige da ficen kuɗi na wata uku, ki ga abin da ake zuba miki duk ƙarshen wata.

Tun 2022 Babban Bankin Najeriya ya ce kada ruwan ajiya ya gaza kashi 30 cikin ɗari na ma'aunin ruwan da shi yake sanarwa, don haka yakan sauya. Abin da na fi so ki kula da shi: cire kuɗi fiye da sau huɗu a wata yana hana ki ruwan watan.

In ruwan ne bai kwanta miki ba, Jaiz da TAJBank suna raba riba ta mudaraba.