Yadda Za A Koya Wa Samarin Sakandare Kyauta Da Sadaka

Babu yaron da zai fito daga gidan Bahaushe ya shiga makarantar sakandare a ce bai san sadaka ba. Tun yana ƙarami a ke ba shi ƙwaryar tuwo ya miƙa wa almajiri a zaure. Ya ga ana auna zakkar kono kafin a tafi idi, ya kuma ga mutanen unguwa sun yi gayya sun nome gonar wanda ciwo ya kwantar. Saboda haka malamin da ya shiga aji ya ɓata sa'a guda yana gaya wa samari cewa kyauta abu ne mai kyau, ya gaya musu abin da kakanninsu mata suka riga shi faɗi, sun ma fi shi iya faɗinsa. Abin da ya saura ga makaranta shi ne ta koya musu bayarwa da lissafi da bincike, watau su san nawa za a bayar, wa za a ba, mene ne kuma zai faru bayan an bayar. Hannunsu ya iya miƙawa, idonsu ne bai koyi dubawa ba tukuna.

A ganina ƙofar da ta fi sauƙin shiga ita ce darasin lissafi, gama zakka cike ta ke da shi. Malam ya rubuta a allo: manomi ya sami damin gero 120 da ruwan sama, dami nawa zai fitar? Ushiri ne, watau dami 12. To, in da wahalar ban ruwa ya noma hatsin, sai a koma rabin ushiri, dami 6. A nan ya kamata malam ya dakata ya tambayi ajin dalilin da ya sa aka rage wa na biyu. Yaro mai hankali zai gano da kansa cewa an duba gumin mai bayarwa kamar yadda aka duba yunwar mai karɓa. Haka za a bi sauran: tumaki 40 a fitar da ɗaya, shanu 30 a fitar da maraƙi, kuɗin da suka kai nisabi suka shekara a fitar da ɗaya cikin 40. Sa'an nan a kawo musu mutane iri takwas da aya ta 60 cikin Suratut Tauba ta ambata. Samari da yawa su kan yi mamaki in suka ji akwai wanda bashi ya danne a ciki, da matafiyin da guzurinsa ya ƙare ko da mai arziki ne a garinsu. Daga nan su ke fara gane cewa mabukaci ba kullum ya ke yawo da ƙoƙon bara ba.

Bayan lissafi sai tarihi, kuma a nan na ke so mu daɗe, domin akwai bambanci babba tsakanin kyautar da a ke cinyewa yau da wadda ke zama tana haihuwa. Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a su sha kyauta. Sayyidina Umaru ya tsare wata gonarsa ta Haibara, ba a sayarwa, ba a gado, amfaninta kaɗai a ke rabawa, irin wannan kuwa shi a ke kira waƙafi. Zubaida matar Haruna Rashidu, wadda ta rasu a 831, ta sa aka gyara rijiyoyi da tafkuna da masaukai a kan hanyar alhazai daga Kufa zuwa Makka, har yau hanyar sunanta ta ke amsawa. Malam ya tambayi ajin: da waɗannan bayin Allah sun raba dukiyar nan a ƙofar gida rana ɗaya, kwana nawa za ta yi?

Turawa ma suna da nasu. Andiru Kanegi, mutumin Sikotilan, iyayensa sun yi ƙaura da shi zuwa Amurka a 1848, ya fara aiki a masaƙa yana yaro, daga baya ya zama babban attajirin ƙarfe. Tsakanin 1883 da 1929 an gina ɗakunan karatu wajen 2,500 da kuɗinsa. Abin da na ke so samari su lura da shi sharaɗin da ya gindaya ne. Garin da ke son ɗakin karatu sai ya ba da fili, ya kuma yi alkawarin fitar da ɗaya cikin goma na kuɗin ginin kowace shekara don kiyaye shi. Ya san abin da aka ba mutane ba da sa hannunsu ba, ba su cika kula da shi ba. Wanda ya taɓa wuce famfon da aka haƙa da biki da jawabi, ya lalace ba mai gyara, ya san gaskiyar wannan. Kada kuma malam ya ɓoye musu cewa ma'aikatan Kanegi sun sha wuya a masana'antarsa, har aka yi yajin aiki aka zub da jini a Homsted a 1892. Samari masu shekara 16 sun isa a tambaye su ko yawan kyauta yana wanke hanyar da aka bi aka tara dukiya, a bar su su yi gardama.

Amma duk wannan karatu ne kawai sai an sa su sun yi da hannunsu. A 2002 wata gidauniya a birnin Toronto ta Kanada ta fara wata dabara a makarantun sakandare. A kan raba aji ƙungiya ƙungiya, kowace ta zaɓi wata ƙungiyar agaji ta garinsu, ta je ta gani da ido, ta dawo ta yi bayani gaban alƙalai. Wadda bayaninta ya fi, sai a ba waɗanda ta tsaya wa dala 5,000. A 2008 aka ɗauki dabarar a Sikotilan. Mu ba mu da mai ba mu irin wannan kuɗi, amma dabarar ba ta dogara ga yawansu ba. Abin da aka samu a gonar makaranta, ko ɗan abin da kowa ya tara cikin zango ɗaya, ya isa.

Malam ya raba su biyar biyar. Su bi ta hannun mai unguwa, kada su faɗa gidajen mutane kamar 'yan haraji. Waɗansu su je asibiti, waɗansu makarantar allo, waɗansu rijiyar da bakinta ya zube. Su dawo da amsa a rubuce: mutum nawa abin ya shafa, nawa gyaran zai ci, wa zai kula da shi bayan an gama, su kansu mutanen me suka ce sun fi bukata. Wannan ta ƙarshe ita samari su ka fi mantawa, sai su yanke cewa tabarmi a ke so, alhali masu wurin rufin ɗaki ke damunsu. Ran yanke shawara kada a bar yaro ya tsaya wa unguwarsu, don kowa zai ja ruwa zuwa gonarsa.

Akwai abin da ya wajaba mu malamai mu kiyaye ƙwarai. Cikin kowane aji akwai maraya, akwai wanda uwarsa da zakkar maƙwabta ta ke ciyad da shi. In malam ya yi maganar matalauta kamar waɗansu mutane ne na nesa, ko ya sa aka karanta abin da kowa ya kawo da ƙarfi, ya karya zuciyar yaron nan, mai yiwuwa ne ba zai ƙara ɗaga hannu a ajin ba. A sa akwati mai kulle, kowa ya jefa nasa ba wanda ya gani. Wanda ba shi da ko sisi ya ba da ƙarfinsa ran aiki. Kada kuma a ɗauki hoton mai karɓa ana miƙa masa kaya.

Kuɗin kuwa kada malam ya riƙe shi kaɗai. A naɗa ma'aji biyu cikin samarin, a ƙirga gaban aji, a rubuta shiga da fita a littafi, kowane sayayya da rasidinsa. Bayan wata uku ajin ya koma wurin ya duba ko abin yana nan yana aiki, a rubuta abin da aka tarar, mai daɗi ko maras daɗi, a miƙa littafin ga ajin da ke biye.