Laka da Nauyi: Yadda Matsi da Ja Ke Shafar Rauni da Farfaɗowa

Laka, wato igiyar jijiyoyin da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ramin ƙashin gadon baya har zuwa saman ƙugu, tsawonta a jikin baligi kimanin santimita 45 ne, kuma nama ce mai taushi ƙwarai wadda ƙashi ke yi wa garkuwa. Abin da ke lalata ta a haɗarin mota ko faɗowa daga bishiya ba kasafai yake zama yanka ba, galibi matsi ne ko ja, kuma girman ɓarnar ya danganta da yawan ƙarfin, da saurin saukarsa, da tsawon lokacin da ya ɗauka yana danne da ita. Tun a 1911 likita Alfred Allen na Amurka ya nuna haka, inda ya riƙa sako ƙarfe mai sanannen nauyi daga sanannen tsayi a kan lakar karnuka, ya ga shanyewar jiki tana ƙaruwa gwargwadon ƙarfin bugun. Sauri yana da nasa hukuncin, domin ƙari ko tarin fuka na ƙashin baya kan matse laka a hankali na tsawon watanni mutum yana tafiya da ƙafafunsa, alhali kwatankwacin wannan matsi, idan ya sauko farat ɗaya, yakan fasa ƙananan hanyoyin jini ya tsinka zaruruwan da ke kai saƙo.

Bugun farko ba ya gyaruwa, amma ba shi kaɗai ne ɓarnar ba. A sa'o'i da kwanakin da ke biye laka takan kumbura, kuma da yake ramin da take ciki ba ya buɗewa, sai kumburin ya toshe mata jini, ƙwayoyin da suka tsira da farko su ci gaba da mutuwa. Wannan ne ake kira rauni na biyu, kuma a nan hannun mutane ke da tasiri. Binciken da Michael Fehlings na Toronto ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2012, ya gano cewa masu raunin wuya da aka yi wa tiyatar ɗage matsi cikin sa'o'i 24 sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka jinkirta wa. Tun kafin wannan, likitan Suwidin Alf Breig ya nuna cewa sunkuyar da wuya kaɗai yana miƙar da laka. Saboda haka naɗe wanda ya yi haɗari a bayan a-daidaita-sahu kansa yana lilo, ko kai shi ga mai ɗori ya ja wuyan, ƙara bugu ne a kan bugu, duk da kyakkyawar niyyar masu taimakon. Ko da ƙyauren ƙofa ne, a shimfiɗe shi a kai a miƙe, mutum ɗaya yana riƙe da kan daidai da gangar jiki.

Bayan ƙashin ya kafu kuwa, sai al'amarin ya juya, rashin nauyin ya zama cuta. Likita Julius Wolff ya bayyana a 1892 cewa ƙashi yana gina kansa ne gwargwadon nauyin da yake ɗauka, shi ya sa ƙasusuwan da ke kewaye da gwiwar wanda ya shanye suke zaizayewa da sauri, har su karye yayin ɗaga shi daga gado. Fata kuma matsin kwanciya ne ke cinye ta, dalilin da ya sa Ludwig Guttmann, wanda ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1944, ya dage kan juya majinyaci duk bayan sa'o'i biyu, dare da rana.

Ita kanta lakar tana jin nauyi. A 1987 masu bincike Barbeau da Rossignol sun nuna a Montreal cewa kyanwar da aka yanke wa laka tana iya koyon taku da ƙafafun baya a kan injin tafiya, domin sashen da ke ƙasa da raunin yana karɓar labarin nauyi daga tafin ƙafa da gaɓoɓi. A kan wannan ne likitocin gashin ƙashi suka gina atisayen da ake rataye majinyaci da ɗamara, a riƙa sauke masa nauyin jikinsa a kan ƙafafu kaɗan-kaɗan. Amfaninsa ya fi bayyana ga wanda lakarsa ba ta yanke gaba ɗaya ba, kuma ba a fara shi sai likita ya tabbatar da kafuwar ƙashin baya, an kuma auna hawan jini, domin wanda ya daɗe a kwance yakan suma idan aka tsayar da shi lokaci guda.