Darasi: Ina fara take samun ƙarfin tashi?

Yara, kun san farar ɗango. A Faransanci sunanta criquet pèlerin. Nauyinta bai wuce giram 2 ba, amma tana iya cin tafiyar kilomita 100 a wuni ɗaya. A watan Oktoba na 1988, wani garken fara ya tashi daga Afirka ta Yamma, iska ta tura shi ya ƙetare tekun Atalantika, ya sauka tsibiran Karayib. Tafiyar ta kai wajen kilomita 5000. To, ina take samun wannan ƙarfi?

Fara tana da fukafukai 4. Tsokokin da ke kaɗa su suna cikin ƙirjinta. Suna kaɗa su kusan sau 20 cikin daƙiƙa ɗaya. Kamar yadda murhu yake bukatar itace, haka tsoka take bukatar abinci.

Da farkon tashi, tsoka tana ƙona sukarin da ke cikin jinin fara. Sukarin ba shi da yawa. Bayan kamar rabin awa, sai ta koma ga kitsen da ta tara a cikinta. Kitse shi ne guzurin matafiyi: giram 1 na kitse ya ninka giram 1 na sukari ƙarfi sau 2.

Idan tafiya ta yi tsawo, kitse ya kan ragu, fara ta rame. Da yamma sai garke ya sauka neman abinci. Kowace fara tana iya cin ganye daidai nauyinta a rana. Shi ya sa ta cinye gero da kiwo a ƙasar Nijar a 2004.

Amma fara tana da rauni. Tsokarta ba ta aiki cikin sanyi. Da asuba ba ta iya tashi sai ta sha hantsi. A lokacin ne mata suke kama ta, kuma a lokacin ne ake fesa mata magani. Ku kula: kada ku ci farar da aka fesa wa magani!

Tambayoyi
1. A ina tsokokin tashi suke?
2. Me fara take ƙonawa da farko? Daga baya fa?
3. Don me ake kama fara da asuba?