Darasi: Haƙƙin Ƙaramin Yaro Tsakanin Gida da Makaranta

Ya ku ƴan'uwa iyaye da malamai, ku sani cewa yaro ɗan shekara huɗu ko biyar ba ya iya faɗin abin da yake damunsa. In yunwa yake ji sai ya yi kuka, in zazzaɓi ne sai ya yi shiru. Saboda haka makarantar ƙananan yara ba ta tsayuwa sai uwa da malama sun san juna, suna magana.

Magabatanmu sun gane wannan. Uba da kansa yake riƙo hannun ɗansa ya kai shi makarantar allo, ya zauna, su gaisa da malam. Kuɗin Laraba kaɗan ne, amma kowane mako yana tuna wa gida cewa akwai amana a hannun wani. Da lakwal ta zo, sai da yawa daga cikinmu suka ɗauke ta abin gwamnati, suka tura yaro suka juya baya.

Dokar ilimi ta Nijar ta 1998 ta sanya karatun ƙananan yara cikin tsarin makarantun ƙasa. Daga baya aka kafa kwamitin kula da makaranta, wanda aka sani da COGES, ga ƙungiyar iyayen yara, ga ta iyaye mata. Kujeru ke nan aka ajiye mana. Abin tambaya, wa yake zama a kansu in ba ranar karɓar gudummawa ba?

Mu tuna ranar 8 ga Nuwamba 2021, da gobara ta kama azuzuwan zana a birnin Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu, ƴan shekara biyar da shida. Allah ya jiƙansu. A Afrilun shekarar an yi irinta a Yamai. Bayan haka gwamnati ta hana sanya ƙananan yara a ajin kara. To, a ƙauyukan Agye, Gazawa da Gidan Rumji, inda iyaye ne suke yanko kara su kafa rumfa bayan girbi, wajibi ne kowane uba ya je ya ga inda ɗansa yake zama. Ƙofa nawa ce? Ina mai tuya take hura wuta? In ɗakin ƙasa ɗaya ne a makarantar, ƙananan ne suka fi cancanta da shi, kuma a taron kwamiti ake faɗin haka.

Malamai kuma akwai nasu. Ana buɗe makaranta a Oktoba, daidai lokacin da ake yankan gero, ana roron wake, ana tonon gyaɗa da aya. Wanda ya kira taro da hantsi a Cadawa ko Gangara a wannan wata, kada ya zargi kowa in ya ga tabarmi babu mutane. Ya bari sai bayan la'asar, kuma ya kauce wa ranar kasuwa. Ya yi magana da Hausa, ba da Faransanci ba. Uwar da ba ta iya karatu ba ta san tatsuniya da kacici-kacici da ƙirga, kuma ita ta san daren da yaron bai yi barci ba. Malama ta shiga gida ta ce, "Inna, yaya ya kwana?" kafin ta kawo ƙara. In ta tarar ba shi da takardar haihuwa, ta nuna wa uban hanyar ofishin magajin gari tun yanzu, kada a jira shekarar jarrabawa.