Marayan jariri da likitocin fiɗa masu zuwa baƙunta

Darasinmu na yau yana bisa jaririn da uwa ta rasu ta bari, ga shi kuma da lalurar da sai an yi masa aiki. A garuruwanmu irin wannan yaro yakan koma hannun kaka ko gwaggo. Sau da yawa gida bai san cewa lalurar tana da magani ba.

Tana da shi. Akwai likitocin fiɗa da suke barin asibitocinsu a ƙasashen waje, su zo su yi mako ɗaya ko biyu suna aiki don sa kai, kafaɗa da kafaɗa da likitocin ƙasarmu. Ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwis ta soma kula da yara masu ciwon noma a Damagaram a shekarar 1992. A Yamai kuma an buɗe asibitin yara na CURE a 2010, don gyaran tsagaggen leɓe, murɗaɗɗiyar ƙafa da tabon ƙuna.

Mu fara da tsagaggen leɓe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin haihuwa 1000 zuwa 1500 akan sami yaro ɗaya mai tsaga a leɓe ko a ganda, wato rufin baki. Tun a watannin farko na ciki ne sassan fuskar ba su haɗe ba. Ba laifin uwa ba ne, ba aikin iskoki ba ne. Ana ɗinke leɓe yawanci daga wata 3 zuwa wata 6. Ganda kuwa sai wajen shekara ɗaya, kafin yaro ya soma magana sosai.

Amma a nan ne wahalar maraya take. Likita ba ya sa wa ramammen jariri maganin barci, domin jikinsa ba zai ɗauka ba. Ana so ya kai kamar kilo 5, yana da isasshen jini, ba ya tari, ba ya masassara. Jariri mai tsaga ba ya iya tsotso da ƙarfi, nono yakan fito masa ta hanci. In babu uwa, tamowa ce take riga likita isowa. Ke nan rabin aikin fiɗa a cikin gida ake yin sa, kuma kaka ce mai yin sa.

To, ta yaya? A nemi mai shayarwa cikin dangi ko maƙwabta, ta je gidan likita a auna jininta tukuna. In jariri bai iya kama mama ba, a tatsa a tsabtataccen kofi, a ba shi da ƙaramin cokali. A riƙe shi a zaune, kansa sama, kada a kwance. A ba shi kaɗan kaɗan, sau takwas ko fiye a yini da dare, ana tsayawa ya yi gyatsa. Kada a yi masa ɗura. In ba a sami mai shayarwa ba, a tambayi ma'aikacin lafiya irin madarar da ta dace da yadda ake dama ta da tafasasshen ruwa. Kunu sai bayan wata 6, a ƙara masa garin gyaɗa ko na wake da ɗan mai. A riƙa kai shi awo, a adana karnensa, domin shi ne baƙin likitoci suke fara dubawa.

Ciwo na biyu shi ne noma. Sunan ya yi kama da noman gona, amma babu abin da ya haɗa su. Ya fi kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6, musamman masu tamowa da waɗanda suka tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Marayan da aka yaye ba shiri yana cikin haɗari. Ciwon yana farawa da gyambo a dasashi, da warin baki, da dalalar yawu, sai kunci ya kumbura. Cikin ƴan kwanaki yana iya cinye kunci da leɓe. In ba a yi magani ba, tara cikin goma suna mutuwa. In an kai yaro tun yana gyambo, magungunan kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsai da shi. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Mu lura da wannan: ba a jiran baƙi da ciwon noma. Aikinsu gyaran fuska ne da buɗe muƙamuƙin da ya ƙage, bayan ciwo ya warke da daɗewa. Haka nan jaririn da aka haifa ba dubura, ko wanda kansa ke ƙara girma fiye da kima, asibiti za a nufa da shi nan take.

Likitocin ba sa iya duba kowa, kwanakinsu kaɗan ne. Saboda haka a rubuta sunan yaro a gidan likita tun da wuri, a kasa kunne ga sanarwar rediyo. Mai rakiya ya zama wanda zai iya ba da izinin aiki a madadin dangi. In an ce kada a ba yaro kome na wasu awoyi kafin aiki, a kiyaye ko da yana kuka, domin amai cikin barcin magani yana iya shiga huhu. Bayan an sallame ku, kada a shafa toka ko wani magani na gida bisa ɗinki. A koma ranar da aka rubuta a karne, ko da baƙin sun riga sun tafi, domin likitocinmu ne za su ci gaba da duba shi.