Yadda Muka Gina Dutsen Kwatarkwashi Da Kwali

Duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Tsafe ya san Dutsen Kwatarkwashi, domin tun daga nesa ake hango shi. Amma ran da malaminmu na labarin ƙasa ya shimfiɗa taswira ya ce mu nuna masa dutsen, sai muka yi tsuru-tsuru. Ba mu ga kome ba sai waɗansu layuka sun kewaye juna kamar an yanka albasa. Ga shi kuwa karatun taswira ba ya tsallakuwa a jarrabawar WAEC. Shi ne Malam ya ce kowa ya zo da kwali, za mu gina dutsen da hannunmu.

Da farko sai a gane layukan. Kowane layi ya bi ta wuraren da tsayinsu daga teku ya zo ɗaya. A taswirarmu mai ma'aunin 1:50,000, watau santimita 2 a madadin kilomita 1, tsakanin layi da layi hawan ƙafa 50 ne, kimanin mita 15 ke nan. Inda layukan suka matsu, hawan da tsauri. Inda suka ware, ko tsohuwa ta hau.

To, aikin shi ne a mayar da kowane layi fallen kwali guda. A kan ɗora takarda shara-shara bisa taswira a kwafi layin, a manna ta jikin kwali, a yanke da reza, a rubuta lamba a baya. Sa'an nan a huda ramuka biyu a wuri ɗaya jikin kowane falle, a zura ƙusoshi don kada su goce. Daga nan sai a jera su, babba a ƙasa, ana shafa gam kaɗan-kaɗan. In gam ya yi yawa kwalin jiƙewa yake ya lanƙwashe.

Ni dai na bi masu tireda na Furfuri na tara kwalayen sabulu da na taliya, har Baba ya tambaye ni ko makarantar ta koma bola ce. Mako biyu ina yanka, yatsuna duk sun yi kanta. Da na gama jerawa sai ga wani abu siriri ya miƙe kamar hasumiya, kuma ya karkace. 'Yan ajinmu suka yi ta dariya.

Malam bai yi dariya ba, alli ya miƙo mini. Bisa ma'aunin taswirar, hawan mita 15 bai fi milimita 0.3 ba, alhali kuwa kaurin kwalina ya kai milimita 4. Ashe na ninka tsayin dutsen sau 13 ban sani ba! Karkacewar kuwa, ai kwalin sabulu da na taliya ba kaurinsu ɗaya ba. Maganin shi ne a faɗaɗa taswirar sau 5 ta koma 1:10,000. A nan mita 15 ta zama milimita 1.5, ƙarin tsayin bai kai ninki 3 ba. Wannan ɗan ƙarin ma da gangan akan bar shi, domin tudu ya fito sosai ga mai kallo.

Da aka yi hutu, wana da ke Kano ya ga sabon zanen, ya ce in zo mu je wani shago inda ake yanka haruffan allunan talla da na'urar leza. Leza haske ne da aka tattara wuri guda har yana ƙuna, kamar yadda muke ƙona takarda da gilashi a rana. Wani Ba'amurke, Theodore Maiman, shi ya fara haɗa ta a 1960, kana a 1964 Kumar Patel, haifaffen Indiya, ya ƙirƙiro irin wadda aka fi yanka kwali da katako da ita. Aka sa zanena cikin kwamfuta, ita kuma ta riƙa jan kan na'urar bisa layukan. Aikin da ya ci mini mako biyu, kafin a kira la'asar an gama shi, har da lambobi da ramukan ƙusa.

Sai dai na lura mai na'urar bai matsa ko nan da can ba tana aiki, domin kwali ba shi da wuyar kama wuta. Bakin yankan duk ya yi baƙi-baƙi, yana ƙaurin hayaƙi. Ya kuma ce ba a sa mata robar PVC, saboda hayaƙinta guba ne. Abin da ya fi ba ni mamaki, tun kafin ya kunna ta tambayar da ya fara yi mini ita ce, "Samari, milimita nawa ne kaurin kwalinka?" Na amsa masa ba tare da inda-inda ba.

Yanzu duwatsun biyu suna kan tebur a ɗakin malamai, duk mai so ya je ya gani. Na roƙi Malam ya bar ni in jefar da hasumiyar, ya ce a'a, da ita zai fara wa 'yan aji huɗu darasin baɗi.